FUREN MAFICI BA MASARA BA NE: A RAGE RUWA, A RAGE TAKI

Ya kai manomi, da kai malamin gona, kun san cewa renon furanni a bakin titunan Legas, Ibadan da Abuja ya zama sana'ar da ke ciyar da iyali. Daga cikin furannin da suka cancanci a gwada akwai wanda masana ke kira Scaevola aemula, wanda za mu kira furen mafici, domin ganyen furensa guda 5 duk sun karkata gefe ɗaya kamar buɗaɗɗen mafici. Ra'ayinmu a nan shi ne: wannan tsiro ya fi mutuwa saboda yawan hidima fiye da rashin kula.

Dalili yana cikin asalinsa. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Gidan furen mafici shi ne ƙasar Ostareliya, inda masanin tsirrai Robert Brown ya bayyana shi a 1810. A can yana fitowa a ƙasa mai yashi, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, kuma mai ƙarancin sinadarin fosfaras. Shi ya sa yake jure zafin rana da ɗan fari, amma ba ya jure jiƙewar saiwa da taki mai ƙarfi.

Mu kuwa hannunmu ya saba da masara. Idan ganyen masara ya yi rawaya sai mu ƙara taki, idan ya yi yaushi sai mu ƙara ruwa. Wanda ya yi wa furen mafici haka ya hanzarta mutuwarsa. Yawan fosfaras, irin wanda ke cikin takin sufa da NPK 15-15-15, yana hana tsiron shan sinadarin ƙarfe, sai sababbin ganyaye su yi rawaya. Haka ma toka da kashin kaji, domin suna rage tsamin ƙasa, alhali shi yana son ƙasa mai ɗan tsami, wato ma'aunin pH na 5.5 zuwa 6.0. Saboda haka ka nemi takin da lambarsa ta tsakiya ta fi ƙanƙanta, ka narka kaɗan a ruwa, ka ba shi sau ɗaya a mako biyu.

Game da ban ruwa, yatsanka ne ma'auni. Tura shi cikin ƙasar tukunya. Idan da danshi, ka dakata. Ka tabbata gindin tukunyar yana da huji, ka kuma haɗa ƙasar da yashi da ɓuntun shinkafa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A kudancin ƙasar nan, inda ruwan sama kan yi kwanaki yana zuba, ka matsar da tukwane ƙarƙashin rumfa, in ba haka ba saiwa ta ruɓe. A lokacin hunturu kuwa, iska na busar da tukunyar da ke rataye da sauri, don haka ka duba ta kowace safiya.

Ƙimar wannan fure a idon mai saye ita ce yadda rassansa ke zubowa ƙasa. Rataye tukunyar a ragaya, a wurin da za ta samu rana ta aƙalla awa 6. Tun yana ƙarami ka tsinke kan reshe don ya yi tofo. Furen da ya bushe yana faɗuwa da kansa, ba sai ka ɓata lokacin cire shi ba. Ana yaɗa shi ta yankan reshe mai tsawon santimita 7 zuwa 10, a dasa a yashi mai danshi a inuwa har ya yi saiwa. Ka riƙa duba bayan ganye saboda farin ƙuda.

Wani zai ce me ya haɗa malamin gona da fure, alhali ana neman abinci? Amsa ita ce mai renon furanni shi ma manomi ne, jarinsa na cikin tukwanensa, kuma shawara marar kyau na iya cinye jarin a mako guda. Don haka, ya malam, kada ka ba shi shawarar masara. Kai kuma manomi, fara da tukwane 5 ko 10, ka ga yadda za su ƙetare damina da rani a wurinka kafin ka zuba kuɗi da yawa. Gani ya kori ji.