A bar Toma ya yi tambayarsa

Duk wanda ya taɓa leƙa cocin Katolika a Maraɗi, Damagaram ko Yamai a daren Asabar ɗin Ista ya san yadda wuri ke cika har a rasa masakar tsinke. Ana hura wuta a farfajiya, Fada ya kunna babban kyandir daga gare ta, a shiga da shi cikin coci mai duhu, kowa ya kunna ɗan ƙaramin nasa daga na maƙwabcinsa. Ga zafin bazara, ga karatu mai tsawo tun daga halittar duniya har ƙetare teku, ga sabbin masu baftisma cikin fararen kaya, amma ba ka jin ƙorafin kowa. Kashegari a ci a sha, Litinin kuma hutu ce ga ƙasar Nijar baki ɗaya, Musulmi da Kirista. To, koma ranar Lahadin da ke biye ka ƙirga bencin da babu kowa a kai.

A wannan Lahadin ne ake karanta labarin Toma, daga babi na 20 na Bisharar Yohanna. Karatun Lahadi a cocin Katolika juyawa yake yi a kan shekara uku, abin da aka ji bana ba lalle a ji shi baɗi ba. Amma wannan labarin ba ya juyawa. Kowace shekara, kwana takwas bayan an yi shelar tashin Almasihu daga matattu, Ikilisiya tana sa a tsaya a gaban jama'a a karanta labarin almajirin da ya ce shi sai ya gani, sai ya taɓa. Ra'ayina shi ne mu ƴan Katolikan Nijar muna karanta labarin nan da baki, muna ƙin sa a aikace, kuma wannan ƙin yana cinye mana ƴaƴa fiye da yadda muke son yarda.

Ni malamin lakkol ne, ajina kuwa kamar kowane aji ne a makarantar gwamnati: yara da yawa, Kirista ɗaya ko biyu, wata shekarar babu ko ɗaya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba mu kai ɗaya bisa ɗari ba a ƙasar nan, a cikin wannan ƴar kaɗan ɗin ma akwai ƴan'uwanmu na sauran majami'u, akwai kuma waɗanda iyayensu suka zo daga Benin, Togo da Burkina. Ma'anar wannan ga yaro ɗan shekara goma sha uku ita ce, abin da aka rera masa a daren Ista, ranar Talata da an koma aji abokinsa na benci zai ce masa ba haka ba ne. Ba da mugunta ba. Abokin nan an karantar da shi cewa Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi kamar yadda zai faɗa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma ya san surar da ayar take, cikin Suratun Nisa'i. Yana girmama Isa, yana girmama Maryamu, abin da ya yi imani da shi yake faɗa. Ƴan'uwa Musulmi masu karanta wannan shafi, ba muhawara na zo buɗewa da ku ba. Mun san inda muka rabu a kan wannan batu, mun kuma ci gaba da gaisawa da zuwa suna da jana'izar juna. Maganata da ƴan gidanmu ce.

Yaron nan namu ya dawo gida da tambaya a ransa. Idan bai mutu ba, mene ne ya tashi? Idan ya mutu, yaya Allah zai bar wanda yake ƙauna a wulaƙanta shi haka? Su wa suka gani? Ya kai tambayar wurin uwarsa, ta ce ya rufe mata baki kada ya ja musu tsiya. Ya kai wurin malamin katekisim, a maimaita masa amsar da ya riga ya haddace, da ɗan ƙarin faɗa a kai. Na taɓa jin an ce wa wata yarinya a wani coci, a gaban ƴan ajinsu, wai Shaiɗan ne ya shiga kanta don ta tambayi dalilin da ya sa masu Bishara huɗu ba su faɗi adadi ɗaya na matan da suka je kabari ba. Tambaya ce ta mai karatu da lura, irin wadda in ɗalibi ya yi mini a darasin tarihi sai in ƙara masa maki. Yarinyar ba ta sake tambaya ba. Mu malamai mun san irin wannan shirun. Ɗalibin da ya daina tambaya sau da yawa ya riga ya fita daga aji, jikinsa ne kawai ya rage a benci.

Abin mamaki shi ne Littafin da muke karantawa bai ji kunyar shakka ba kamar yadda muke ji. Luka ya rubuta cewa da matan suka kawo labarin kabari babu kowa, manzanni sun ɗauki zancen nasu tatsuniya ce. Markus ya nuna matan suna gudu daga kabarin cikin rawar jiki da tsoro. Matiyu, a babinsa na ƙarshe, a kan dutsen Galili, yana gaya mana cewa ko da suka gan shi waɗansu sun yi shakka. Wanda ke son ya ƙaga labari don ya burge mutane ba zai zana shugabanninsa a matsayin matsorata masu taurin kai ba. Wannan kaɗai amsa ce da ya kamata kowane ɗan katekisim ya ji, amma su nawa aka taɓa nuna wa?

Shi kuwa Toma mun mayar da shi abin zolaya, mai shakka, mai ƙaramar bangaskiya. Mun manta cewa a babi na 11 na Bisharar nan ta Yohanna, lokacin da sauran ke jin tsoron komawa Yahudiya, shi ne ya ce a tafi ko da mutuwa ce. A babi na 14 shi ne ya fito fili ya ce bai san hanyar ba, lokacin da sauran suka yi shiru kamar sun gane. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, Toma kuwa mutumin wannan karin maganar ne. Ku lura da abu biyu a labarinsa. Kwana takwas ya yi yana cewa bai yarda ba, amma bai bar ɗakin ba, su ma ba su kore shi ba. Da Yesu ya sake zuwa, a cikinsu ya same shi. Sannan abin da ya nema ya gani raunuka ne, wurin ƙusoshi da wurin mashi. Bai nemi wata al'ajabi ba. So yake ya tabbata wanda aka ce ya tashi shi ne dai wanda aka azabtar. Paparoma Giregori Babba, wanda ya rasu a shekarar 604, ya yi wa'azi cewa rashin yardar Toma ya fi amfanar bangaskiyarmu a kan yardar sauran almajiran. Kiristocin kudancin Indiya kuma har yau da sunansa ake kiran su, don al'adarsu ta ce shi ya kai musu Bishara.

Batun raunukan nan shi ne ya fi shafar mu a Nijar, domin shakkar manya ba irin ta yara ba ce. Yaro yana shakka don an ƙure shi da magana a filin wasa. Babba yana shakka don abin da idonsa ya gani. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 aka ƙone coci-coci a Damagaram, kashegari a Yamai, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, wadda ba mu da hannu a ciki, ba mu kuma yarda da ita ba. Mutum goma suka rasa rayukansu a biranen biyu, ƴan sanda kuma suka ce coci 45 aka ƙone a Yamai. Kiristocin Damagaram da yawa a barikin soja suka kwana, waɗansu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su, abin da ba za mu manta ba. Ista ta wannan shekarar ta zo ranar 5 ga Afrilu, ƙasa da wata uku bayan nan. Aka rera halleluya kamar kullum. Wa ya tambayi tsohuwar da ta tsaya a gaban bango mai baƙin hayaƙi abin da ke zuciyarta lokacin da take rerawa? A watan Satumban 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli daga Bomowanga, wajen Makalondi, bai samu kansa ba sai Oktoban 2020 a ƙasar Mali. Ƴan'uwanmu na wannan yankin da yawa sun bar ƙauyukansu da gonakinsu. Idan ɗayansu ya ce a ransa ina Allah yake, ba arne ba ne, ba kuma ɗan tawaye ba ne. Tambayar Toma yake yi.

A jikin babban kyandir na Ista ana soka ƙwayar turare biyar, alamar raunuka biyar. Wannan kyandir zai ci gaba da tsayawa kusa da bagade kwana hamsin har Fentikos. Wato Ikilisiya da kanta ba ta yarda a yi murnar tashi a ɓoye tabo ba. Mu ne muka koyi ɓoyewa.

Na san abin da dattawan coci za su ce, kuma ba zancen banza ba ne. Za su ce mu ƴan kaɗan ne, in aka buɗe ƙofar tambaya ba a san inda za ta tsaya ba. Katekis ɗin ƙauye bawan Allah ne da bai yi dogon karatu ba, in yaro ya ƙure shi a gaban jama'a mutuncinsa ya zube. Gara a riƙe yara da biyayya har su yi hankali. Tsoron gaskiya ne. Amma ƙofar da suke gadi an riga an buɗe ta daga waje. Wayar da ke hannun yaron cike take da wa'azi da muhawara a WhatsApp da TikTok, da Hausa tsantsa, da hujja bi da bi, dare da rana. Wurin da kawai ba a yarda ya yi tambaya ba shi ne cocinsu. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ba kuma ina cewa a mayar da shakka ado ba ne, irin na wanda ya karanta littafi biyu ya dawo yana raina uwarsa mai jan carbi. Shi wannan ba amsa yake nema ba. Ina magana ne a kan wanda ya zo coci da nauyi a ƙirji yana neman wanda zai sauke wa.

Waliyyai ma sun ɗauki wannan nauyin. Tareza ta Lisiyo, wadda Ikilisiya ta naɗa majiɓinciyar aikin mishan, duhun shakka ya rufe ta tun daga lokacin Istar 1896 har rasuwarta a 1897, tana ƴar shekara 24. Wasiƙun Mada Tareza ta Kalkata da aka buga a 2007 sun nuna ta yi shekaru masu yawa tana addu'a ba ta jin kusancin Allah, duk da haka a 2016 aka ayyana ta waliyyiya. Ban taɓa jin an gaya wa yaranmu wannan a katekisim ba. Hotunansu kawai ake nuna musu, suna murmushi.

Abin da nake roƙon Fadoci da kwamitocin coci ba ya cin ko dala. Waɗanda aka yi wa baftisma a daren Ista sun yi shekaru ana koyar da su, amma da an zuba musu ruwa sai a sake su, alhali tsarin Ikilisiya ya ware makonnin nan bakwai don a ci gaba da zama da su. A raya wannan zaman, a faɗaɗa shi ga matasa da duk mai so. Bayan Misar Lahadi, awa ɗaya a inuwar bedi, da Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci, ba da Faransancin wa'azi da rabin jama'a ke gyaɗa wa kai ba tare da sun bi ba. A ajiye kwali a bakin ƙofa, mai jin nauyi ya rubuta tambayarsa ba suna ya jefa. Fada ya zauna da kansa, kada ya tura katekis shi kaɗai, in kuma tambaya ta fi ƙarfin zaman ranar a ɗaga ta zuwa mako mai zuwa a je a bincika, kamar yadda kowane malamin kirki ke yi a aji. Mu malaman makaranta da ke cikin coci, da likitoci da sauran ma'aikata, mu daina zama a bencin baya muna jiran a tashi. Mun saba da tambayar yara, aikinmu ke nan, mu ba da hannu.

Makonni bakwai ne daga Ista zuwa Fentikos, kuma lokacin ne ƴan BEPC da ƴan bak ke cikin shirin jarrabawa, don haka a sa zaman da safe nan take bayan Misa, kafin rana ta take su watse zuwa bita.