Lamba mai alƙaluma miliyan 41 da ɗalibin aji shida

A watan Oktoban 2024 aka sanar cewa wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, da taimakon ɗimbin kwamfutoci, ya gano lambar firam mafi girma da aka taɓa tabbatarwa zuwa lokacin. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Da za a ba malami alli ya riƙa rubuta alƙalami ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya haura shekara guda da wata uku bai kai ƙarshenta ba.

Muna ganin wannan labari na ajinmu ne, domin sharaɗin da ya sa ta zama firam shi ne wanda muke rubutawa a allo game da 7 da 13: lambar da ta wuce 1, wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 da ita kanta.

Tana cikin dangin da ake kira lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648, kuma ita ce firam ta 52 da aka sani a cikinsu. Yadda ake gina su ba wuya. A jera 2 sau da yawa, a ninka su da juna, a ɗebe 1. Guda uku sun ba da 7, biyar sun ba da 31, bakwai sun ba da 127, dukkansu firam. Yaro mai kaifin basira zai lura cewa 3 da 5 da 7 su ma firam ne, ya ce ya kama bakin zaren. To, a ba shi goma sha ɗaya. Zai sami 2,047, wadda ke kama da 'yan uwanta, amma 23 sau 89 ce. Ɗan aji shida zai iya tabbatar da haka da fensirinsa, kuma ran nan zai gane cewa misali uku ba su isa hujja ba. Ita kuwa ta Durant, 2 ce aka jera har guda 136,279,841.

A makarantu da dama, abin da ya rage na wannan darasi hadda ce kawai: 2, 3, 5, 7, 11, ana rerawa kamar waƙa. Shi ya sa ake samun yaron da ke zaton duk lambar mara firam ce, ya shigar da 9 da 15 da 21, ya fitar da 2 don ita cika ce. Irin wannan yaro da haddarsa zai shiga jarrabawar shiga sakandare, a tambaye shi 91, ya rasa cewa 7 sau 13 ce.

Mun san cunkoson aji da ƙarancin littattafai, ba ma raina su. Amma wannan aiki bai buƙatar kuɗi. Tsakuwa goma sha biyu ta jeru layi-layi daidai, goma sha uku ta ƙi, yara su gani da idonsu. Muna roƙon shugabannin reshenmu su ware awa guda a taro mai zuwa, malaman lissafi su gwada wannan darasi a tsakaninsu kafin zangon karatu ya ƙare.