Mu Je Mu Ga Bakolori Kafin Mu Bar Mafara

Ɗalibi zai yi shekara biyu yana ND a nan Abdu Gusau, ya tafi IT, ya dawo ya ƙara biyu a HND, ya ci shinkafar Bakolori, ya ci tumatir da albasar da aka yi wa ban ruwa da ruwan Bakolori, amma ya tattara kayansa ya bar Talata Mafara bai taɓa tsayawa a bakin dam ɗin ba. In kuna ganin zuƙi ta malle nake yi, ku tambayi 'yan ajinku gobe kafin malami ya shigo. Ra'ayina shi ne wannan asara ce, kuma Ƙungiyar Ɗalibai na da ikon magance ta ta hanyar shirya ziyara mai tsari, sau ɗaya a shekara, da rani.

Bari mu fara da sanin abin da ke bayan gidanmu. An kammala gina dam ɗin a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tsawon bangonsa ya haura kilomita 5, an tsara shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, tafkin kuma ya mamaye kimanin hekta 8,000. An shimfiɗa magudanai domin noman rani a hekta 23,000 a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, har da ƙaramar tashar lantarki mai megawat 3 aka haɗa masa. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da shi. Mai karatun injiniyan gine-gine da ke haddace zanen madatsar ruwa a handawut, ga ta nan a zahiri, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Gani ai ya kori ji.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne rayuwar da ruwan ya tara. Duk wanda ya taka da sassafe a gefen magudanan ruwa lokacin hunturu ya san abin da nake nufi. Balbela na bin shanu, zalɓe ya ƙame a ruwa kamar an dasa shi yana jiran kifi, kirinjijiya na wucewa garke guda tana fito, guza kuma ya faɗa ruwa da zarar ya ji motsinka. Masunta na fito da tarwaɗa da karfasa. Cikin ƙananan tsuntsayen da ke tsince-tsince a bakin ruwa a watannin sanyi, akwai baƙin da suka taso daga Turai, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara, za su kuma koma in zafi ya kama. Shamuwa ita ma matafiyiya ce: da rani tana kudanci da gabashin Afirka, sai damina ta gabato ta dawo mana, shi ya sa iyayenmu ke gyara garma in sun gan ta. Tsuntsu ba fasfo ba biza yana zuwa Bakolori daga wata nahiya, mu da ke hostel mun kasa.

Wani zai ce, "Kai malam, kallon tsuntsu kuma? Aikin Turawa ne da waɗanda suka ƙoshi." To, a dausayin Haɗeja da Nguru akwai wurin tsuntsaye na Dagona wanda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989, kuma har yau masu bincike na zuwa yankin ƙirga tsuntsayen ruwa. A Jos akwai cibiyar APLORI da ke horar da 'yan Najeriya ilimin tsuntsaye har digiri na biyu. Aikin ƙirgar nan ba ya buƙatar komai sai ido, haƙuri, littafin rubutu da waya. Kuma yana da amfani ga manomi: jan baki da ke cinye shinkafa dab da girbi yana samun mafaka a cikin kacalla, ita kuma kacalla ita ce ke toshe magudanai. Ɗan SLT da ke neman taken furojet, me ya fi wannan? Ya fi dai a kwafo na wani a canza suna.

Akwai kuma dalilin da ya fi duk waɗannan nauyi. Ruwan nan ba kyauta aka same shi ba. Dubban mutane ne aka tasa daga gidajensu da gonakinsu, har tsohon garin Maradun abin ya shafa. Manoma sun yi ta kukan diyya da rabon filaye, suka tare hanyoyin aikin, sai a watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe masu wuta a yankin Birnin Tudu. Adadin da gwamnati ta bayar bai kai mutum 30 ba, wasu masu bincike kuwa sun ce waɗanda suka mutu sun haura 380. Allah Ya jiƙansu. Cikinmu akwai jikokinsu. Masana daga ƙasashen waje sun rubuta wannan tarihi, ana karanta shi a jami'o'i, mu kuma da muke shan iskar wurin da yawanmu ba mu taɓa ji ba. Wurin da aka daina zuwa, a hankali ake manta labarinsa.

Yanzu sai babbar magana, wadda na san ita ce a ran kowa: tsaro. Ba zan raina ta ba. A watan Agustan 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura suka kwashe ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba na shekarar suka ɗauke ɗalibai sama da 70 a sakandaren Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Uwar da ta ce wa ɗanta "daga aji sai ɗaki" tana da gaskiya. Don haka ba ina cewa mutum uku su hau kabu-kabu su nufi bakin ruwa da yamma don ɗaukar hoto ba. Wallahi wannan ganganci ne.

Abin da nake nema ga shugabannin ƙungiyarmu shi ne su rubuta wa ofishin kula da harkokin ɗalibai, su nemi izinin hukumar dam ɗin, su zauna da jami'an tsaro da masu sarautar yankin. A tafi da motar makaranta da malamai, rukuni kaɗan, a fita da safe a dawo kafin Azahar, a tsaya iyakar inda aka ce a tsaya, kuma kada a tallata ranar a Facebook. Ba wanka, ba shiga kwalekwale: ruwan dam na da zurfi, ruwa mai kwanciya kuma gidan tsargiya ne. 'Yan uwanmu mata su sami nasu gurbi da malama a tare da su. A gayyaci dattijon manomi da masunci su yi mana bayani, don sun fi kowane handawut sanin wurin. In jami'an tsaro suka ce bana ba hali, to a haƙura, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai a fara da magudanan da ke kusa da gari, a kuma kira waɗannan dattawa su zo mana har zauren taro.

Ranar 2 ga Fabrairu ce Ranar Dausayi ta Duniya, kuma ta faɗo daidai lokacin da baƙin tsuntsaye ke nan, alkama da shinkafa sun yi kore shar. Muna biyan kuɗin ƙungiya duk shekara, muna ganin abin da ake kashewa a makon ɗalibai. Man mota na tafiya guda bai kai kuɗin hayar sifika da rumfa ba.

'Yan bindiga sun raba mutanenmu da gonaki da kasuwanni da barcin dare. Kada mu ƙara masu da kyautar abin da ba su ma ƙwata ba. Shugaban ƙungiya, ranka ya daɗe, ga aiki nan: a sa maganar a zaman majalisar ɗalibai na gaba.