Ra'ayinmu: Ertugrul Ya Shiga Zongo, Ina Fim ɗin Fatake?

Duk wanda ya zaga unguwar Zongo a nan Kwatano bayan sallar isha'i zai tarar da matasa a ƙofar shaguna da teburin mai shayi, an tasa waya gaba ana kallon dawaki da takubba. Yawanci fim ɗin Ertugrul ne da aka fassara da Hausa, ko wani ɗan'uwansa daga Turkiyya. Haka abin yake a Malanbil da Gaya da Kamba da Illela. Yaron da ba zai iya lissafo sarakunan Kano uku ba, zai zayyano maka jaruman Ertugrul da sunayen matansu.

Ba mu ga laifin mai kallo ba. Gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya, wato TRT, shi ya nuna wannan fim daga 2014 zuwa 2019, kashi 150, a kan labarin ƙarni na 13. Sun zuba kuɗi, sun gyara aikinsu, duniya ta saya. Abin tambaya shi ne: mu fa? Ashe ba mu da tarihin da ya kai a ɗauka a fim?

Muna da shi, kuma na 'yan kasuwa ne. Littafin tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addini da fatauci. A zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a lokacinsa Shehu Magili ya sauka Kano. Hanyar goro da ta bunƙasa daga baya ta ratsa ƙasar Bargu, ta Nikki da Jugu, waɗanda a yau suke arewacin Benin. Ita kanta kalmar zongo daga nan ta samo asali, wato masaukin ayari. Madugu da jagaba da uban dawaki, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi a tafiya, goro a dawowa, 'yan fashi a daji, kuɗin fito a bakin kogi, sarakunan hanya kowa da nasa haraji. Wane ɗan kasuwar kan iyaka ne zai kalli wannan bai ga kansa a ciki ba?

An ɗan taɓa. A 2021 fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a kan Sarauniyar Zazzau, har da Ali Nuhu a ciki. Mun yaba ƙoƙarin, amma da Turanci aka yi shi, don haka tsohuwar da ke sayar da fura a Zongo ba ta amfana da komai ba. Maƙwabtanmu kuwa sun riga mu nisa. Tun 1987 Souleymane Cissé na Mali ya ci kyauta a Kan ta Faransa da fim ɗinsa Yeelen, da harshen Bambara. A 1995 Dani Kouyaté na Burkina Faso ya fitar da Keita a kan Sunjata. A nan gida ma mun ga yadda Benin ta karɓo kayan tarihi 26 daga Faransa a 2021, ta kuma kafa mutum-mutumin jarumar Dahomey a Kwatano a 2022. Amma fim ɗin The Woman King na 2022, Amurkawa suka yi shi, a Afirka ta Kudu aka ɗauka. Wanda bai ba da labarinsa ba, wani zai ba da shi yadda ya ga dama, ya kuma kwashe ribar.

Me ya hana masu shirya finafinan Hausa, alhali sun fara tun 1990 da Turmin Danya? Amsar ita ce kuɗi. Fim ɗin soyayya falo ɗaya da mota biyu sun ishe shi. Fim ɗin tarihi kuwa sai da dawaki, lifidi, sulke, ginin ƙasa, ɗaruruwan mutane da za a ciyar, da wurin da babu turken lantarki ko kwanon rufi. Wa zai zuba miliyoyi alhali ya san ranar da fim ya fito za a tura shi a waya a kan jaka guda ko ƙasa da haka? A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: shagunan tura finafinai a kasuwanninmu suke, mu ne kuma masu saye.

Don haka muna kira ga manyan 'yan kasuwarmu na Zongo da na kan iyaka, waɗanda ba sa ƙyashin gina masallaci da makaranta, su ɗauki wannan a matsayin jari. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya haɗa hannu su ɗauki nauyin fim guda a kan hanyar Gwanja, da sharaɗi uku: a yi shi da Hausa, a sa fassarar Faransanci da Turanci a ƙasa, a kuma zauna da malaman tarihi na jami'o'in Kano da Zariya da Yamai kafin a rubuta labari. Kada a sa wa mutumin zamanin Rumfa agogo, kada a mai da kakanninmu mala'iku. Cinikin bayi ma yana cikin tarihin, a nuna shi yadda yake.

Masu kallo kuma, in fim ɗin gida ya fito, a biya kuɗinsa ta halal. 'Ya'yanmu a Kwatano suna tashi da Faransanci a makaranta, Fon a titi, Hausarsu tana raguwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa masu hali su ji.