Yaro sai da tsoro? Ma'aunin ya riga ya karkace

A 1985, James Sorce da abokan aikinsa a Amurka suka ɗora jarirai 'yan wata 12 kan tebur mai gilashi wanda ke nuna kamar akwai rami a gaba, uwar kowane tana tsaye a ɗaya gefen. Da iyaye mata suka yi murmushi, akasarin yaran suka rarrafa suka haye. Da suka nuna fuskar tsoro, ko ɗaya bai haye ba.

Masu cewa yaro sai da tsoro nake so su tsaya kan wannan. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta auna daɗi da ɗaci da mudu ɗaya. Mummuna ya fi nauyi, kuma tun yana wata bakwai jariri ya fi kafa wa fuskar tsoro ido fiye da ta fara'a. Wannan karkata ba cuta ba ce, ita ta tsare kakanninmu daga maciji. Sai dai tana iya yin yawa. Seth Pollak na Jami'ar Wisconsin ya nuna cewa yaran da ake jibga a gida suna gano fushi a fuska tun bai gama bayyana ba, kafin sauran yara. Idonsu ya koyi gadi. Irin wannan ido, mai cigiyar barazana ko'ina, shi ake yawan samu ga masu ciwon fargaba, kamar yadda mai ciwon damuwa ya fi tuna abin baƙin ciki. Lissafin Ronald Kessler na 2005 a Amurka kuwa ya nuna rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin a wuce shekara 14.

To mu da me muke cika waɗannan shekarun? Da dodo, da bulala, da gori a gaban baƙi. Yabo kuma mu ƙulle shi a akwati, wai kada yaro ya yi girman kai. Yarinya ta ci tara cikin goma, tambayar farko ita ce ina ɗayan.

Na san amsar: mu ma haka aka rene mu, ga mu nan. Gaskiya ne, ba kowa ke kamuwa ba. Gado da talauci da rashin tsaro duk suna da hannu. Amma mai wannan amsa sau da yawa shi ne wanda aka yaba wa aikinsa a taron ofis, mutum ɗaya ya yi tsaki, ya kai ƙarfe uku na dare yana juya tsakin nan a ransa.