Rage Ƙiba: Shayin Kwana Bakwai Ko Kwanon Gida?



Mu da muke ziyarar gidaje da asibitoci mun lura da wani abin da ya yaɗu a tsakaninmu. Da an tashi sujada ran Lahadi, sai ka ga ana miƙa wa juna ƙunshin shayin rage ƙiba a bakin majami'a. Wata ta daina cin tuwo sam, wani kuma ya koma ruwan ɗumi da lemun tsami safe da yamma. Mun taɓa ganin 'yar'uwa ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar waƙa, ashe kwana uku ke nan ba ta sa komai a cikinta ba. Damuwar mutanenmu gaskiya ce, gama ƙiba mai yawa tana jawo hawan jini, ciwon sukari da ciwon gwiwa. Hanyar da ake bi ita ce abin dubawa.

Mu fara da shayin. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da ganyen filasko, wanda kowa ya san maganin wankin ciki ne, waɗansu kuma suna sa yawan fitsari. Mutum ya hau sikeli ya ga kilo 2 sun tafi, ya yi murna, alhali ruwa ne ya fita, kitsen yana nan inda yake. Ruwan nan kuma yana fita da sinadaran da zuciya take bukata domin ta buga daidai. Ga mai shan maganin hawan jini ko mai ciwon ƙoda, wannan wasa ne da rai.

Sai tsarin da ake kira keto, wato a bar tuwo, shinkafa, doya da wake, a koma nama, ƙwai da mai. Likitoci a Amurka suka fara shi a 1921 domin yara masu farfaɗiya, daga baya wani likita mai suna Robert Atkins ya yaɗa irinsa ga masu neman rage ƙiba a 1972. Gaskiya ne nauyi yakan sauka a makon farko, amma yawancinsa ruwa ne. Mu tambayi kanmu kuma: a gidan da mudun masara ma sai an yi lissafi, wa zai iya cin nama da ƙwai sau uku a rana har shekara? Tsarin da ba za ka iya riƙewa ba, ranar da ka bar shi ƙibar za ta dawo.

Dalilin dawowarta a jiki yake. Idan an hana jiki abinci farat ɗaya, yakan ɗauka fari aka shiga, sai ya rage ƙona abin da aka ci, ya kuma ƙara jin yunwa. A 2016 masu bincike a Amurka sun bi sawun mutum 14 da suka zubar da nauyi mai yawa cikin gaggawa a wata gasar talabijin. Bayan shekara 6, 13 daga cikinsu nauyin ya dawo musu, waɗansu har sun wuce yadda suke da.

Akwai kuma wani binciken da aka buga a 2002, shi ma a Amurka, a kan mutum fiye da 3,000 da suke dab da kamuwa da ciwon sukari. An roƙi waɗansunsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu a hankali, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a cikinsu. Ga mai kilo 90, wannan kimanin kilo 6 ne kawai. Sannu ba ta hana zuwa.

A nan dole mu taɓa batun azumi, domin waɗansu sun mai da shi hanyar rage tumbi, har suna kafa hujja da Daniyel. Daniyel ya roƙi kayan lambu da ruwa na kwana 10 domin kada ya ƙazantu da abincin sarki ne, labarin ma ya nuna shi da abokansa sun fi masu cin abincin sarkin cika da kyan gani. Azumi na addu'a ne. Mai ciwon sukari da yake shan magani, da mai ciki, da mai shayarwa, su nemi shawarar likita kafin su shiga.

To, me za mu yi? Abin da muke bukata yana cikin rumbunanmu. Gero, dawa, acca da wake suna riƙe ciki fiye da farin burodi da taliyar leda. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuka da kabewa suna bayan gida. A rage malmalar tuwo daga uku zuwa biyu, a ƙara miyar ganye, a rage man da yake iyo a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da awo mai sauƙin tunawa: kayan lambu da 'ya'yan itace giram 400 a rana, gishiri kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen miya. Sukari kuwa kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 12, kwalbar lemo guda mai rabin lita kuma ta kusa cinye wannan awo duka. Daddawa tana ba da ɗanɗano, a rage dunƙule. Tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a mako ta cika minti 150 ɗin nan.

Mu shugabanni ma ba mu kuɓuta ba. A bikin aure, Kirsimeti, godiyar kaka da taron zumuntar mata, mu ake ajiye wa soyayyen nama mafi kitse da kwalaben lemo, mu kuwa ba ma ƙi. Me zai hana kwamitin abinci ya kawo zoɓo mai ɗan sukari kaɗan, ruwan sha, gwaten acca da kwaɗon zogale? Abin da yara suka gani a teburin ikkilisiya, shi za su ɗauka abinci na daraja.

Mu kuma kiyaye harsunanmu. Gorin miji ko ba'ar ƙawaye shi yake tura mata da yawa ga shayin nan. Wata ƙibar ma daga gado take, ko daga wani ciwo ko magani, sai an je asibiti a gane. Maimakon gori, maigida ya ci irin abin da uwargida take ci, su fita tafiyar yamma tare. Wanda ya wuce shekara 40 ya je a auna masa jini da sukari, ko da yana jin kansa garau.

Ubangiji ya ba mu hikima da kamunkai a kan abin da muke sa wa cikinmu. Amin.