Dubarar Wannan Wata: Zaure Ya Zama Wurin Sana'a



A taronmu na asusu da ya wuce, wata ƴar ƙungiyarmu mai ɗinki ta nemi bashi, ta ce keke na biyu za ta saya. Sai uwar ƙungiya ta ce mata: "To, ina za ki aje shi?" Aka yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Da yawanmu a nan Mirriya jari muna da shi, wurin aiki ne babu. Mai ɗinki a ɗakin kwana take yi, yara na taka atamfar mutane. Mai ƙuli-ƙuli a tsakar gida, awaki na zagaye da ita. Alhali ga zaure, ko ɗakin da maigida ke aje moto, cike da buhunan da ba komai ciki da tsofaffin kwanuka.

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a fara da magana. Ɗakin na wa ne? Na san wadda ta kashe bashinta duka a gyaran zaure, yana yin kyau ƙanen miji ya dawo daga tafiya, aka ce shi za a ba. Ta biya bashin har ƙarshe, ɗaki kuma ya tafi. Saboda haka ki zauna da maigida cikin ladabi, in gidan gandu ne a sa babban gida a ciki, a yi maganar gaban shaida.

Na biyu, haske. Ɗaki mai duhu yana cin ido, kuma ɗinki a duhu shi ke kawo karkataccen layi. In za a huda taga, a huda ta ɓangaren kudu. Dalili kuwa, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurarta, hadari kuma galibi daga gabas yake taso mana. Sannan lokacin ɗari rana tana karkata kudu, sai ta leƙo ta ɗumama ɗakin. Da bazara kuwa tana bisa kai, ba ta shigowa sosai. A samu magini ya sa itace mai ƙarfi saman tagar, kada bango ya tsage. A shafe ciki da farar ƙasa, za ki ga ɗakin ya buɗe kamar an ƙara masa faɗi.

In rufin tol ne, akwai dubarar da wani makaniki ɗan ƙasar Burazil, Alfredo Moser, ya fito da ita a 2002. Gorar roba mai garai-garai ake cikawa da ruwa, a zuba ɗan ruwan jabel don kada ya yi kore, a huda tol a sa ta, rabi waje rabi ciki, a liƙe gefen da kyau saboda damina. Da rana tana haska ɗaki kamar ƙwan fitila, ba kuɗin wuta. Da dare kuma ƴar fitila mai aiki da hasken rana ta isa, a rataye ta daidai saman keke, ba bayanki ba, kada inuwarki ta rufe allura.

Na uku, sanyi da zafi. Tol shi ne mai gasa mutum a watan Afrilu da Mayu, shi ne kuma mai zubo sanyi da asubar Disamba da Janairu. Maganin duka biyun ɗaya ne: a yi masa rufin ciki da zana ko tsofaffin tabarmi, a bar tazara kamar taki ɗaya tsakaninsu da tol. A toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, a sa labule mai kauri. Amma don Allah ƴan uwa, kada a kunna gawayi a rufe ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, ba a ganinta. Ciwon kai ne, sai barci, wani barcin ba a tashi. In dole sai an sa kasko, a bar taga buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Mai suya kuma ta yi murhunta waje, nesa da zana.

Na huɗu, tsari. Kome ya tashi daga ƙasa, don gara da ɓera da laimar watan Agusta ba su san bashi ba. Bulo huɗu da katako biyu sun zama kanta. Zare da maɓalli a gwangwanin madara, almakashi a ƙusarsa, inda hannun yaro ba ya kai. Kayan mutane gefe guda, waɗanda aka gama gefe guda. Ƙananan tukwanen garinmu, da ake zuwa saye har daga Damagaram, suna aje ƙananan kaya da kyau. Littafin lissafi ma a ba shi wurinsa.

Maganar kuɗi kuma, ɗaki ba ya biyan bashi, aiki ne ke biya. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da kaɗan-kaɗan aka gina tafiyar. Shara da jere kyauta ne, a fara da su. Farar ƙasa a wannan wata, taga a na gaba, fitila in an fasa asusu. In za a ci bashi, a lissafa dinki nawa ko man gyaɗa kwalba nawa zai maida shi kafin wa'adi.

Ita ƴar uwar tamu ta janye maganar keke. Ta samu yardar maigida, mu biyar muka je ranar Asabar muka fitar da tarkace, muka shafe bango. Yanzu maƙwabta sun san inda za su same ta, yara biyu kuma na koyo wurinta.

Wadda ta gyara nata wurin, ta faɗa wa sakatariyar ƙungiyarta yadda ta yi, mu kawo a fitowa ta gaba. Allah Ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu.